Mai Alƙalami da Mai Bindiga, Daga Satiru Zuwa Maga

Kawuna yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, duk sanda aka kai hari a ƙasar nan sai ta fito. A watan Nuwamba na 2025, 'yan kwanaki bayan an kwashe 'yan mata sama da ashirin daga makarantar kwana ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, muna zaune a ƙofar gidansa a Birnin Kebbi bayan la'asar, rediyo a gefen tabarma. Sai aka kawo labarin Gwamna Nasir Idris yana tambaya a bainar jama'a: wa ya ba da umarnin janye sojojin da aka girke a makarantar, jim kaɗan kafin maharan su iso? Kawu ya rage muryar rediyon, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ka ji ko? Gwamna na tambaya, mu ma muna tambaya. To wa za shi ba da amsa? Zamanin Nasara ba a yin hakanga. Baki guda na. In Joji ya ce a tafi, an tafi."

Ban ja da shi ba nan take, ba a katse babba yana tsakiyar tsaki. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Ana jin ta a tasha, ana jin ta a wurin mai shayi, har yaran da aka haifa bayan 1999 suna yin ta a Facebook: wai Turawa sun iya mulki saboda umarninsu ɗaya ne, soja da farar hula ba sa ja-in-ja. Ni kuwa abin da na karanta ya nuna mini cewa wannan baki gudan ba a taɓa yin sa ba. Sun yi ta faɗa a tsakaninsu tun daga Landan har ƙofar Sakkwato. Abin da ya fi damuna ma shi ne ranakun da suka shirya, domin a kan kawunan kakanninmu suka yi shirin.

Mu fara da mai gayya mai aiki. Gwamna Lugga, wanda ya karɓi Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, soja ne tun tasowarsa. Ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama kafin ya san hanyar Lakwaja, kuma shi ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897. Wato mutumin da aka ɗora a kan kujerar mulkin farar hula, takalmin soja ne a ƙafarsa. Iyayen gidansa kuwa, ma'aikatan ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, mutanen takarda ne da lissafi, kullum tsoronsu kada a jawo musu yaƙin da majalisa za ta tambaye su kuɗinsa. Da aka kashe Kyaftin Moloney a Keffi a watan Oktoba 1902, wanda ya kashe shi, Magaji Ɗan Yamusa, ya gudu Kano, Lugga ya samu dalilin da yake nema. Ya shiga haɗa runduna ba tare da ya buɗe wa Landan cikinsa ba, har sai da ma'aikatan suka tsinci labarin shirin a jarida. Ministansu, Chamberlain, yana Afirka ta Kudu a lokacin. Aka yi ta aiko da waya ana tambaya, ana jan kunne, Lugga yana amsawa yana ci gaba da ɗaurin sirdi. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi, bayan rundunar da ta biyo ta Zamfara ta haɗu da wasu sojoji da suka taso daga sansaninsu na Argungu. Da nasara ta samu, masu jan kunnen suka koma taya murna.

Wannan rigimar manya ce, ta saman bene. Wadda ta shafi talaka tana ƙasa, tsakanin Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, da hafsan da ke riƙe da bariki.

Abin dariya shi ne yawancin Razdanonin farko su ma tsoffin sojoji ne. Burdon na Sakkwato manjo ne, Abadie na Zariya kyaftin ne. Amma da zarar an ba mutum lardi, an ce masa ga littafin haraji, ga jangali, ga kotu, ga sarki da za ka lallaɓa, sai idonsa ya canza. Razdan yana bukatar gari da mutane a cikinsa. Ƙauyen da aka ƙone ba ya biyan haraji, manomin da ya gudu daji ba ya cikin ƙidaya, kuma a ƙarshen shekara da kuɗin da ya tara za a auna shi. Hafsan soja kuwa aron sa aka yi daga rundunar Ingila na ɗan lokaci. Ya zo ƙasar zazzaɓi ne don ya samu abin da zaman bariki a gida ba zai ba shi ba, wato faɗa, da ambaton suna a rahoto, da lamba a ƙirji. Tun 1902 aka ƙirƙiro lambar yaƙe-yaƙen Afirka, ana maƙala mata ɗan ƙarfe mai sunan wuri da shekara, Arewacin Najeriya 1903, Arewacin Najeriya 1906. Wanda ya gama wa'adinsa bai harba ko harsashi ɗaya ba, hannu rabbana zai koma. Saboda haka gari guda ne zai ƙi biyan haraji, Razdan ya ga matsalar da za a aika wakilin sarki da tafinta su warware, hafsa ya ga abin nema ya samu.

Kada wani ya ɗauka ina wanke Razdan. Tausayinsa irin na mai kiwo ne ga saniyar tatsa. Shi ne dai yake rubuta takardar neman soja idan lallashi ya ƙi, shi ne yake yanka wa gari tara gaba ɗaya saboda laifin mutum biyu. Bambancinsu kawai, ɗaya zai zauna a ƙasar bayan ƙura ta lafa, ɗayan jirgin ruwa na jiransa.

Sai kuma ƙananan rigingimu na yau da gobe, waɗanda su ne kakanninmu suka fi tunawa. Sojan da ya shiga kasuwa ya ɗauki kaza bai biya ba, wa zai hukunta shi, alƙalin gari, ko Joji, ko kyaftin ɗinsa? Idan ana bukatar masu ɗaukar kaya ɗari biyu, wa zai matsa wa hakimi ya kawo su ana tsakiyar girbi? Rahotannin farko na mulkin Lugga cike suke da kuka a kan wani laifi guda: mutum ya samu jar hula da tsohon wandon soja, ya shiga ƙauye ya ce Bature ya aiko shi, ya kwashi awaki da hatsi. Sojan gona ke nan, kalmar tana bakinmu har gobe. Dalili ke nan, ko ɗaya daga cikin dalilan, da ya sa aka riƙa kafa bariki a wajen gari, nesa da ganuwa. Hausa ta adana ra'ayin mutanen wancan zamani a kan abin da ke faruwa a can, domin har yau idan aka kira mutum ɗan bariki ba yabo aka yi masa ba.

Duk wannan shimfiɗa ce. Wurin da nake so mu tsaya shi ne Satiru, ranar 14 ga Fabrairu 1906.

Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i a kan doki. Talakawa ne da bayin da suka gudo, da almajirai masu jiran Mahadi. Shekara biyu kafin nan an kama shugabansu, ya mutu a tsare a Sakkwato, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Sai ga wani makahon malami, Ɗan Makaho, ya tsallako daga ƙasar Zabarma inda aka yi tawaye ga Faransawa, ya sauka a wurinsu, wuta ta ƙara ruruwa. Razdan Burdon ya riga ya kama hanyar hutu, ya bar riƙon lardin a hannun Hillary. Yawancin sojojin Arewa kuwa an tura su can ƙasar Tibi a bakin Binuwai, wani yaƙin da shi ma Landan ke ta faɗa da Lugga a kansa.

Hillary ya fito da safe tare da mataimakinsa Scott, da likita, da rukunin sojan doki a ƙarƙashin Laftana Blackwood. Niyyarsa ya kama shugabannin ba tare da zubar da jini ba. Soja a wurinsa ado ne, a gan su a ji tsoro, shi kuma ya yi magana. Da suka hango ƙauyen sai ya wuce gaba da Scott, don ya isa inda muryarsa za ta kai. Blackwood yana baya yana kallon taron mutane na fitowa, yana ganin farar hula biyu sun yi nisa da bakin bindigoginsa. Sai ya yi abin da aka koya masa. Ya sa aka yi sukuwa aka matso, aka sauka daga dawaki, aka ja sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe na fuskantar waje, dawaki a tsakiya. To ka sa kanka a matsayin mutumin Satiru da ke tsaye da fartanya a hannu. Ga Bature yana ɗaga hannu yana cewa magana ya zo yi, ga kuma dawaki sun taso a guje a bayansa. Wanne za ka gaskata? Suka yi kabbara suka auko. Hillary yana waje da sahun, a daidai inda harsashi zai bi. Blackwood ba zai iya cewa a buɗe wuta sosai ba, sai ya yi ƙoƙarin matsar da sahun gaba don ya rufe su, alhali irin wannan sahu amfaninsa duk a tsayuwa wuri ɗaya yake. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Bindiga mai ruwa da suke taƙama da ita an baro ta a baya, ba ta yi aikin komai ba, ta faɗa hannun mutanen gari. Cikin ɗan lokaci Hillary da Scott da Blackwood duk sun mutu, tare da sojoji baƙar fata kusan 25, a hannun masu gatari da fartanya da kwari da baka.

Kowannensu ya yi daidai a bisa karatunsa, shi ne abin da ke ba ni tsoro a labarin. Mai alƙalami ya san cewa nuna ƙarfi da wuri yana rufe ƙofar magana. Mai bindiga ya san cewa wanda ya fita daga inuwar sahu ya sayar da ransa. Ba su zauna sun yanke wa ke da magana ta ƙarshe idan abu ya rikice ba, ko kuma sun yanke amma tsoro ya goge shi. Mutum biyu suka ja linzamin doki ɗaya.

Yanzu ga inda nake rabuwa da kawu. Bayan wannan rana, sai baki gudan da yake yabo ya samu. Razdan da hafsa da Gwamna suka zama tsintsiya, sarakunan da suka yi mubaya'a suka bi. Aka tattaro soja fiye da 500 a ƙarƙashin Manjo Goodwin, ranar 10 ga Maris aka koma Satiru. Wannan karon ba wanda ya wuce gaba don ya yi magana. Abin da masana tarihi suka fi ambata shi ne an kashe mutum kusan 2,000, aka bi waɗanda suka gudu da dawaki, aka watsa mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Daga baya Ingila ta ba shi lambar girma. Mu nan ƙasar Gwandu ma tartsatsin ya same mu, domin a shekarar aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin zuciyarsa na tare da mutanen Satiru. A Landan, Winston Churchill, wanda lokacin ƙaramin minista ne a ofishin ƙasashen mallaka, ya rubuta a takardun ofis yana nuna ƙyamarsa ga yawan jinin da ake zubarwa a Arewa. Rubutun ya tsaya a fayil. Lugga ya ajiye aiki a 1906, aka ba shi Hong Kong, ya dawo mana a 1912 da girma fiye da na da.

Don haka idan mutum ya ce mini maganin halin da muke ciki shi ne a haɗe iko a hannu ɗaya, ina tambayarsa, hannun wa, kuma wa zai riƙe wannan hannun? Ranar da suka saɓa, an rasa rayuka gommai. Ranar da suka haɗa kai ba mai ce musu kul, an rasa dubbai.

Abin da muka gada daga wancan tsari ya fi abin da muke zato yawa. Rundunar da Lugga ya kafa ba ta taɓa zama ta lardi ba. Ta hedikwata ce, daga Zungeru ake juya ta, daga baya Kaduna, Razdan sai dai ya roƙa a aiko masa. Yau ma haka abin yake, suna kawai aka sauya. Sashe na 218 na tsarin mulkin 1999 ya danƙa sojoji a hannun shugaban ƙasa. Sashe na 215 ya ce gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan na da damar cewa sai an kai maganar sama tukuna. Ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiharsa, yana sayen motoci da babura, yana biyan alawus, amma ba zai iya ce wa kofur ɗaya tsaya nan kada ka motsa ba. Maƙwabcinmu na Zamfara, Gwamna Dauda Lawal, ya sha faɗin haka a fili. A can ma an ga abin ta kowace fuska: a 2019 gwamnatin jiha ce ke sulhu da 'yan bindiga, a 2023 kuma gwamnatin jiha ce ke zargin wasu daga tarayya da yin sulhu a bayan idonta. Ɗan ta'adda da ke daji ya fi kowa sanin wannan tsaga, ta nan yake shiga.

Akwai kuma wani juyi da Turawa ba su yi ba, mu muka yi wa kanmu. Daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kyaftin ɗin ne ya hau kujerar Razdan. Jihar Kebbi kanta soja ne ya ƙirƙiro ta, ranar 27 ga Agusta 1991, Zamfara ma haka a 1 ga Oktoba 1996. Shekara kusan talatin ma'aikacin farar hula yana koyon cewa idan mai kaki ya shigo ofis, miƙewa ake yi. Wannan tarbiyya ba ta fita da zaɓe ɗaya ko biyar. Har yau shugaban ƙaramar hukuma, wanda dubban mutane suka zaɓa, idan zai yi magana da matashin hafsan da aka turo yankinsa jiya, da muryar roƙo yake yi.

Na ga wannan da idona. Na taɓa koyarwa a wani ƙauye a kudancin jihar nan, ba zan faɗi sunansa ba. Wata rana da magariba masu dawowa daga gona suka ce sun ga babura da yawa sun tsallaka rafi, goyon biyu biyu. Dagaci ya hau tudun da ake samun sabis ya kira hakimi. Hakimi ya kira ciyaman. Ciyaman ya kira jami'in da ke sansani mafi kusa, aka ce masa an ji, amma ba za a motsa ba sai umarni ya zo daga sama. Muka kwana a cikin dawa, sauro na cin mu, muna toshe bakin yara. Ba garinmu suka nufa ba, na gaba da mu suka faɗa wa, muna jiyo harbin kamar ana sussukar gero. Da hantsi motoci suka iso, ihu bayan hari. Mutane suka taru suna zagi ƙasa-ƙasa. Wani sojan, yaro ne da bai fi ƙanena ba, ya zo bakin rijiyar makaranta ya roƙi ruwa. Na miƙa masa moɗa ban ce komai ba, amma ya ga fuskata. Ya sha, ya goge baki, ya ce, "Malam, wallahi tun ƙarfe tara na dare muka ɗaure takalmi. A cikin mota muka kwana." Idonsa jajir. Ban san abin da zan ce masa ba, sai na ƙara masa ruwa.

Tun daga ranar na daina zagin soja a dunƙule. Mu mutanen Kebbi ma bai kamace mu ba, domin ƙasar Zuru kusan kowane gida akwai wanda ya sa kaki, tun zamanin Turawa ake ɗibar su. A watan Maris 2022, a yankin Danko/Wasagu ɗin nan, an kashe sojoji a harin da aka kai wa ayarin mataimakin gwamna, a makon da aka yi wa 'yan sa-kai da dama kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Masu mutuwa a daji 'ya'yan talakawa ne, kamar sojoji 25 ɗin nan na Satiru da ba a cika ambata ba. Kuma hafsan da ya ce sai umarni ya zo yana da hujjarsa. An sha kiran soja da labarin ƙarya a kai su cikin tarko. An sha samun mai unguwar da ke kai rahoto nan yana kai wa can. Idan ya fita da yaransa ba izini aka kashe su, shi zai tsaya gaban kotun soja, ba ciyaman ba.

To me ya rage? Masu cewa a ba gwamnoni 'yan sandansu suna da gaskiya ta wani ɓangare, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ina so su tambayi dattawan da suka yi jam'iyyar adawa ta NEPU yadda 'yan dokan En'e, wato hukumar sarakuna, suka yi da su a shekarun 1950, lokacin da bulala da gidan yari ke hannun hukumar gida. Ba banza aka karɓe su aka haɗe da 'yan sandan tarayya a zamanin Gawon ba. Wanda ya ga abin da gwamnoni ke yi da zaɓen ƙananan hukumomi, inda jam'iyya mai mulki ke cinye kujeru kaf, dole gabansa ya faɗi idan aka ce za a ƙara musu da bindiga. Masu cewa a sakar wa soja mara, a kafa dokar ta-ɓaci, a yi ruwan wuta a daji, su kuma ina tuna musu da jiragen da suka sha faɗa wa 'yan sa-kai da masu biki a Arewa bisa kuskure, ina tuna musu da 10 ga Maris 1906.

Ni abin da nake nema ƙarami ne, har ina jin kunyar cewa daga hannun 'yan mulkin mallaka na ga samfurinsa. Bayan sun sha wuya, sun shimfiɗa ƙa'ida: soja ba ya fita sintiri a kan gari sai da jami'in mulki a tare da shi. Jami'in ne zai ce magana ta ƙare, daga nan ragama ta koma hannun hafsa, idan an gama ta dawo. Sannan kowannensu ya rubuta rahotonsa, wa ya nemi soja, saboda me, harsashi nawa aka harba, mutum nawa suka mutu. Na san an yi ƙarya a cikin rahotannin nan, an rage gawa, an ƙara yawan abokan gaba, kuma ba don kare haƙƙin baƙar fata aka tsara su ba, don kare ofis ne daga tambayar majalisa. Duk da haka akwai suna a ƙasan takardar. Shi ya sa yau, bayan shekara 120, ni malamin makaranta a Birnin Kebbi nake iya gaya maka wa ya wuce gaba a Satiru, wa ya ce a yi sukuwa, wa ya ce a matsar da sahu. A yammacin da muke zaune da kawu kuwa, gwamnan jiha sukutum, mai jiniya da tuta, bai san wa ya ce a janye soja daga makarantar da ke cikin jiharsa ba, abin da bai cika mako da faruwa ba.

Idan za a girke soja a wuri saboda rahoton da farar hula suka kawo, a rubuta, mai kawowa da mai karɓa su sa hannu. Idan za a janye su, a sanar da wanda ya nema kafin mota ta tashi, a rubuta sunan mai umarnin da lokacin. Idan dagaci ya kira da magariba ba a zo ba sai hantsi, ya zama akwai littafin da za a buɗe a ga inda kiran ya kwana, a teburin wa. Majalisar jiha ta samu ikon kiran kwamanda ta tambaye shi, ko da a ɗaki rufe ne. Wannan ba ya hana soja sirrin aikinsa, ba wanda ya ce a faɗi hanyar da za a bi kafin a bi ta. Saɓani tsakanin mai mulkin gari da mai riƙe da makami ba zai ƙare ba, kuma ni ban ma so ya ƙare, don wani lokaci wannan saɓanin ne kaɗai ke tsakanin ƙauye da toka. Kalmar "daga sama" ce nake so a kashe. Sama ba ta da suna, ba ta da lambar waya, ba a kai ta kotu.

Bayan kwana biyu na koma gidan kawu da goro, na ba shi labarin Satiru tun daga fari, a hankali, yadda ba zai ji kamar gyara nake masa ba. Ya saurara yana jan carbi. Da na kai ƙarshe ya ce, "Wanga Hillary, da ya tsaya bayan soja da bai mutu ba."

Na ce, "Kawu, da shi Blackwood ya tsaya inda aka bar shi, wataƙila da ba wanda ya mutu."

Ya ɓare goron, ya daɗe yana dubansa. "Wataƙila," in ji shi. "To su mutanen Satirun, dubu biyun da ka ce, an rubuta sunansu?"

Na ce biyu ko uku.

Ya jefa ɓarin goron a baki, ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.